Bayan Birnin Yauri: Da Wane Mudu Za a Auna Malamin Ba da Shawara?

A ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da ke ƙaramar hukumar Ngaski, suka yi awon gaba da ɗalibai da malamai. Sai a 2023 aka sako 'yan matan ƙarshe, wasunsu goye da jarirai. Ranar dawowa ƙirga kawuna ba wuya. Ƙirgar da ke da wuya tana zuwa daga baya: nawa suka koma aji, nawa suka jure zaman, nawa suka rubuta jarrabawar WAEC ko NECO.

Bibiyar wannan aikin malamin ba da shawara ne, wanda manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi gurbinsa a makarantu tun 1977. To amma da wane mudu za a auna shi?

Hanya mafi sauƙi ita ce duba littafinsa: ɗalibai nawa suka shiga ofishinsa, lacca nawa ya gabatar. Wannan lissafin zirga-zirga ne kawai, ba ya nuna ko wani yaro ya amfana. A Amurka, ƙungiyar malaman ba da shawara ta ASCA ta fitar da tsari a 2003 wanda ya karkata ga sakamako: zuwa makaranta, ƙoƙari a karatu da ɗa'a. Ta kuma nemi kada malami ɗaya ya riƙe ɗalibai fiye da 250.

Makarantun Yauri, Ngaski da Shanga ba sa buƙatar kwamfuta kafin su yi haka, rajistar kiran suna ta wadatar. A ƙarshen kowane zango a tambayi malamin: cikin yaran da suka ɗauke ƙafa lokacin kamun kifi a tafkin Kainji ko cirar albasa, nawa aka bi har gida, nawa suka dawo? Cikin 'yan matan aji uku na ƙaramar sakandare, nawa suka haye babba? Amsar ta zo a adadi ba tare da suna ba, domin yarinyar da ta ji sirrinta a bakin hukuma ba za ta sake buɗe baki ba.

Wasu za su ce firgici ba ya aunuwa da alƙaluma. Gaskiya ne, sai dai yaron da tsoro ya hana barci yakan fara da fashin aji, rajista kuwa tana kama wannan da wuri.

Hisabin kuma bai tsaya kan malamin ba. Idan an ɗora masa darussa daga safe har tashi, babu ɗakin ganawa, shugaban makaranta da ma'aikatar ilimi, ta Birnin Kebbi ko ta Abuja, su ne za su fara amsa tambaya. Kwamitocin iyaye suna da haƙƙin neman waɗannan alƙaluma a rubuce kowane zango.