Filin Yaƙi da Jahilci: Raƙumi a Cikin Gajimare



Hausawa sun ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. To, alama ta fara. Daga nan Dawce har Kance da Matameye, kowa ya fito da hantsi sai ya ɗaga kai sama. Babba ruwa yake nema. Yaro kuwa wani abu daban yake gani. Ya ce ga raƙumi ya durƙusa. Ɗan'uwansa ya ce a'a, tsohuwa ce ɗauke da ƙwarya. Kafin su gama gardama iska ta ja wuyan raƙumin, ya zama jimina.

Sau da yawa uba yakan daka wa irin wannan yaro tsawa. Ya ce ragon banza, mai kallon sama. Ni ban yarda da wannan tsawa ba. Ga dalilina.

A ajinmu na manya, wanda ya fi saurin kama baƙaƙe shi ne mai iya cewa abu kaza ya yi kama da abu kaza. Ka rubuta masa o a allo, ya ce bakin rijiya. Ka rubuta ɗ, ya ce sandar makiyayi ce mai lanƙwasa. Daga ranar ba ya mantawa. Malaman allo sun riga mu sanin wannan dabara. Shi ya sa almajiri yake kiran wani baƙi am baki wofi, don ya yi kama da baki a buɗe.

Baƙin A ma hoto ne tun asali. Fiye da shekara 3000 da suka wuce, mutanen bakin teku, wajen ƙasar Labanan ta yanzu, suna zana kan sa da ƙahoninsa biyu. Sunan sa a harshensu alef. Sannu a hankali kan ya juye, ƙahoni suka koma ƙasa. Makiyayi, juya wannan jarida ka dubi babban A, za ka ga bijiminka. Alif na ajami ma daga can ya samo sunansa.

Kakanninmu sun yi haka da taurari. Sun dubi wani gungu suka ce kaza da ƴaƴanta. Sun dubi wata mai haske suka ce Zara matar wata. Ba wanda ya ce da su ragwaye.

A ƙasar Ingila an yi wani mai haɗa magani, sunansa Luke Howard. Tun yana yaro yake kallon gajimare. A shekarar 1802 ya tsaya gaban jama'a a birnin Landan ya raɗa wa gizagizai suna. Da me ya raɗa? Da kamanni. Wani ya ce tsibi, wani shimfiɗa, wani silin gashi. Har yau masu aikin duba yanayi a Yamai da ko'ina cikin duniya da sunayen nan suke aiki.

Shi gajimare kansa ba wani abin ɓoye ba ne. Uwargida ta san shi. In ta ɗaga murfin tukunya tana ganin ruwa ya taru a jikinsa. Haka rana take dafa teku da ƙasa, tururi ya hau sama, ya tarar da sanyi, ya koma ƙananan ɗigon ruwa. A damina iskar kudu maso yamma ce take kawo mana laima daga teku. Amma babban hadari, kun sani, daga gabas ya fi taso mana.

Ga kamannin da ya kamata yaro ya koya. Fararen ƙanana masu kama da kaɗa a kan faifai, ba su da ruwa. Masu kama da gashin wutsiyar doki can ƙololuwa, su ma haka. Amma in tsibi ya yi ta hawa bayan azahar, gindinsa ya yi baƙi, kansa ya baje kamar uwar maƙera, wannan hadari ne. Tsawonsa yakan wuce kilomita 10. Yaron da ya gane shi zai kora awaki gida kafin iska ta iso. A gaya masa kuma kada ya fake gindin gawo ko kukar da ke tsaye ita kaɗai a fili, saboda aradu.

Sai dai a yi hattara wuri biyu. Na farko, siffa ba saƙo ba ce. In gajimare ya yi kama da takobi ko makara, ba yaƙi ba ne, ba mutuwar kowa ba ce. Iska ce ta ja shi, nan da ɗan lokaci za ta watsa shi. Kada wani ya karɓi kuɗinka don ya fassara maka.

Na biyu ya fi nauyi. Kyan hadari ba ya jiƙa gona. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda sama take yin baƙi ta tashi da ƙura kawai. Malaman gona sukan ce a jira ruwan da ya kai kamar milimita 20 kafin a shuka. Wanda ba ya kusa da ma'auni, ya tona ƙasa da hannu ya ga iyakar laima. Irin gero ɗaya gare ka a rumbu. In ya tsiro ya ƙone, sai ka tafi bashi.

Kallon sama kuma ba hujja ba ce ta barin dabbobi su faɗa gonar mutane. Wannan tsawa kam a yi ta.

Ga aikin wannan wata ga ɗaliban yaƙi da jahilci. Ka zauna da ɗanka ko ɗiyarka da la'asar. Ka tambaye shi me yake gani. Ka rubuta amsarsa cikin layi uku, da kwanan wata, da gefen da gajimaren ya fito. Washegari ka ƙara layi ɗaya: an yi ruwa ko ba a yi ba. Ka kawo takardar aji, mu karanta tare a gaban kowa.