SHARHI: Yadda ma'ajiyar intanet ta kyauta ta koma gidan haya

Daga farkon shekarar 2024, masu wayar Android suka shiga wani sabon tsari da yawancinsu ba su lura da shi ba sai da ya taɓa su. Kwafin hirarraki da hotuna da bidiyon WhatsApp da wayar ke aikawa Google Drive, wanda tun 2018 ba a lissafa shi, ya fara cin wuri a cikin gigabait 15 da Google ke bai wa kowane asusu kyauta. Wannan gigabait 15 ɗin kuma shi Gmail da Google Photos da Drive suke rabawa. A ƙasar da wa'azi da bidiyon biki da takardun makaranta da muhawarar siyasa duk suke yawo ta WhatsApp, ba a ɗaukar lokaci wurin yake cika. Idan ya cika, Gmail yakan daina aikawa da karɓar saƙo. Mai jiran amsar neman aiki ko tallafin karatu yana iya zama yana jira, alhali saƙon ya zo ya koma.

Daga nan zaɓi biyu ke gaban mutum: ya goge, ko ya biya. Kafin ya biya, ya kamata ya san abin da yake saya da kuɗinsa, ya kuma san yadda aka yi aka iso nan.

Yadda aka fara

Ranar 1 ga Afrilun 2004 Google ya ƙaddamar da Gmail da gigabait ɗaya kyauta, a lokacin da Hotmail ke ba da megabait 2, Yahoo kuma megabait 4. Girman tayin ya sa wasu suka ɗauka zolayar ranar ɗaya ga Afrilu ce. Daga nan gasa ta kankama. A 2013 Yahoo ya ba masu imel ɗinsa terabait guda, wato gigabait dubu, kyauta. A 2014 Microsoft ya yi wa masu biyan Office 365 alƙawarin wuri mara iyaka a OneDrive. A 2015 Google Photos ya fito da tayin ajiye hotuna ba adadi, muddin mutum ya yarda a ɗan rage musu nauyi.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da kamfanonin suke nema a wancan lokaci shi ne jama'a da sabo. Wanda ya tara saƙonnin shekara goma a wuri guda, ya kuma ba bankinsa da makarantarsa da hukumar jarrabawa wannan adireshin, da wuya ya tashi.

Da jama'a suka taru, sai aka fara janye tayin ɗaya bayan ɗaya. A Nuwamban 2015 Microsoft ya soke wurin mara iyaka, yana cewa wasu tsiraru sun jibge fiye da terabait 75 kowannensu, ya kuma rage na kyauta daga gigabait 15 zuwa 5. Amazon ya soke nasa tayin mara iyaka a 2017, sannan ya rufe Amazon Drive gaba ɗaya a ƙarshen 2023. Flickr, wanda ya taɓa ba da terabait guda, ya mayar da masu asusun kyauta kan hotuna 1,000 kacal a 2019. Ranar 1 ga Yunin 2021 Google Photos ya daina ajiya ba adadi. A 2022 jami'o'i da makarantun da suka dogara da Google suka rasa nasu wurin mara iyaka. Dropbox ya bi sahu a 2023. A 2025 kuma Yahoo, inda 'yan Najeriya da dama suka buɗe imel ɗinsu na farko, ya zaftare terabait ɗin nan zuwa gigabait 20. Apple dai bai taɓa yin alƙawari mai yawa ba: gigabait 5 da ya fara bayarwa a iCloud a 2011 shi yake bayarwa har yanzu, duk da yadda nauyin hoton waya ya ninka tun wancan lokaci.

Kamfanonin suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Cibiyoyin ajiyar bayanai suna cin wutar lantarki da ruwan sanyaya na'urori, kuma kowane fayil ana ajiye kwafinsa fiye da ɗaya don gudun asara. Sai dai duk wannan sun san shi tun ranar da suke rabon kyautar.

Lissafin kuɗin

A farashin Amurka, manyan kamfanonin sun yi kusan baki ɗaya. Google One na sayar da gigabait 100 a kan dala 1.99 a wata, terabait 2 kuma dala 9.99. Apple na sayar da gigabait 50 a kan dala 0.99, gigabait 200 dala 2.99, terabait 2 dala 9.99. Microsoft ma gigabait 100 dala 1.99 ne.

Idan aka raba kuɗin da yawan wurin, abubuwa biyu suke fitowa. Na farko, mai ƙaramin tsari ya fi kowa biya da tsada. Gigabait guda yana zo masa a kan kusan santi 2, mai terabait 2 kuma rabin santi. Ninki huɗu ke nan. Lissafin da talaka ya sani ne a shagon unguwa: mai sayen sukari ƙulli-ƙulli ya fi mai sayen buhu biyan kuɗi a kan mudu guda.

Na biyu, tsanin yana da gurbi a tsakiya. A wajen Apple, daga gigabait 200 sai a tsallaka zuwa 2,000, babu 500 a tsakani. Wanda bukatarsa ta kai gigabait 250 dole ya kama wurin da ya ninka bukatarsa sau takwas, ya riƙa biyan kuɗin ɗakunan da ba ya kwana a ciki. Idan aka lissafa da abin da yake amfani da shi a zahiri, gigabait ɗinsa ya koma kusan santi 4, ya fi na mai ƙaramin tsarin tsada. Arahar babban tsari ta wanda zai cika shi ce.

Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin nauyi. Kafin a saki naira a kasuwar canji a Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, don haka dala 1.99 ba ta kai naira 1,000 ba. Da dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin ya koma wajen naira 3,000 a wata, kimanin 36,000 a shekara, fiye da rabin mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000. Wasu kamfanonin suna da farashin naira na daban, amma shi ma sukan ɗaga shi idan naira ta faɗi. Ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Ga kuɗin data, wanda hukumar NCC ta amince a ƙara masa har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, domin ɗora fayil yana cin data, sauke shi ma yana ci. Ga kuma matsalar biyan kanta: daga 2022 bankuna da dama sun hana katin naira sayayya a ƙetare, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka dawo da ita.

Ranar da aka daina biya

Abin da ake kira sayen wuri haya ce ta wata-wata, kuma sharuɗɗanta mai gida ne ya rubuta su shi kaɗai. Wanda ya kama gigabait 100 ya cika 80, ranar da ya kasa biya zai koma kan iyakar 15 da kaya sun fi ƙarfin ɗaki. Imel ɗinsa zai tsaya. A ƙa'idar Google, asusun da ya shekara biyu yana sama da iyaka ana iya goge abin da ke cikinsa. Tun Disamban 2023 kuma kamfanin ya fara aiki da dokar share asusun da aka shekara biyu ba a taɓa shi ba. Gwargwadon yawan abin da mutum ya tara, gwargwadon wahalar tashinsa, kuma kamfanin ya san da haka ranar da zai ƙara kuɗi.

A nan maganar ta wuce hotunan biki. Matasan da suke bin harkar siyasa sun ga abin da bidiyon waya ya yi bayan harbin Lekki na 20 ga Oktoban 2020. Sun ga darajar hotunan takardar sakamako ta EC8A da wakilan jam'iyyu da 'yan sa-ido suka ɗauka a rumfunan zaɓe a 2023, lokacin da ake takaddama kan jinkirin ɗora sakamakon shugaban ƙasa a shafin IReV na INEC. Sun ga zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 a Kano da Kaduna da sauran garuruwa, wadda Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a cikinta, 'yan sanda kuma suka musanta. Irin wannan takaddama takan ɗauki shekaru kafin a kai ƙarshenta, idan ma an kai. Shaidar da ke zaune a asusun kyauta da ya cika, ko a hayar da mai ita ya kasa sabuntawa, tana iya ɓacewa ba tare da wani jami'i ya ɗaga yatsa ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma batun wanda ke da ikon leƙawa. Wata dokar Amurka ta 2018 ta ba hukumomin ƙasar damar neman bayanai daga kamfanoninta ta hanyar shari'a, ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Kamfanoni irin su Proton na Suwizalan suna kulle fayil ta yadda su kansu ba sa iya karantawa, amma wurin da suke bayarwa kyauta kaɗan ne, na biyan kuɗin kuma ya fi tsada. Ga ɗan jarida ko mai fafutuka, wannan ƙarin kuɗin yana iya zama shi ne ya fi cancanta a biya.

Abin da ya dace a auna

Yawan gigabait shi ake rubutawa da manyan haruffa a talla, amma shi ne ma'auni mafi rauni. Kafin a biya, ya kamata mutum ya buɗe shafin da ke nuna abin da ya cinye masa wuri. Sau da yawa bidiyon da aka turo ta rukunin WhatsApp ne, kuma ana iya cire bidiyo daga kwafin da wayar ke aikawa. Wanda ya yi wannan shara yana iya gano cewa ba ya bukatar biyan ko kwabo.

Wanda dole sai ya biya, yana da hanyar rage nauyi. Google One da iCloud duka suna barin mutum ya raba tsarinsa da wasu mutum biyar, don haka 'yan gida ɗaya za su iya yin karo-karo. Kuɗin hayar terabait 2 na shekara guda kuma ya isa sayen faifan ajiya na hannu mai girman haka, wanda ba a biya masa kuɗin wata. Faifan yana lalacewa, ana sace shi, gobara tana cinye shi, shi ya sa masana harkar suke cewa a ajiye abu mai muhimmanci kwafi uku, ɗaya daga ciki a wani wuri na daban. Manhajar Google Takeout tana bai wa mutum damar sauke duk abin da ya tara, kuma gara a gwada ta tun kafin ranar bukata.

Saura aikin hukumomi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta amince wa ɗan ƙasa haƙƙin ɗaukar bayanansa daga wani kamfani zuwa wani. Hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun sauraron ƙorafi kuma ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025, abin da ya nuna manyan kamfanonin ba su fi ƙarfin doka ba. Abin da ya rage shi ne a shimfiɗa ƙa'idoji bayyanannu: wa'adin sanarwa kafin a rage wuri ko a ƙara farashi, sharuɗɗa cikin harshen da mai saye zai fahimta, da hanyar kwashe kaya wadda ba za ta cinye masa kuɗin datar wata guda ba. Matasan da suka iya matsa wa gwamnati lamba a kan kuɗin man fetur da na lantarki suna da dalilin sanya wannan ma cikin jerin buƙatunsu, tun kafin zaɓen 2027 ya sake cika wayoyinsu da hotunan takardun sakamako.