Alƙali Ɗauri Ya Yanke, Wa Ya Ƙara Da Kisa?

Duk wanda hukuma ta kulle, ta ɗauki nauyin ransa. Ba ya iya zuwa asibiti da kansa, ko ruwan da zai haɗiyi magani sai an miƙa masa. To idan mai ɗauke da cutar ƙanjamau ya shiga gidan yari da ƙafarsa, aka fito da shi a makara saboda maganinsa ya yanke, wa ya kashe shi?

Kada wani ya ce bai sani ba. Binciken da hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau, NACA, ta yi tare da hukumar gidajen yari da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya nuna kashi 2.8 cikin 100 na fursunonin Nijeriya suna ɗauke da cutar. Wannan ya ninka kashi 1.4 da ake da shi a cikin gari a lokacin. A ɓangaren mata kuwa, kashi 6.9 ne. Da hannun gwamnati aka yi binciken, a teburinta rahoton yake.

Kada kuma wani ya ce babu doka. Tun 2004 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta saurari ƙarar wasu mutum huɗu masu jiran shari'a da ke fama da cutar, ta ce barinsu a tsare babu magani azabtarwa ce, ta ba da umarnin a kai su asibiti. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda suka ce fursuna ya samu kulawar lafiya irin ta wanda ke waje, kyauta, kuma kada maganin ƙanjamau ko na tarin fuka ya katse. A 2019 aka sa hannu kan sabuwar doka, gidan yari ya koma gidan gyaran hali. An canza wa tuwo suna, amma majinyaci yana nan kwance inda yake.

Kowane ma'aikacin lafiya ya san yadda maganin nan yake. Kullum ake shan sa, har ƙarshen rayuwa. Mai sha a kan kari yakan yi ƙarfi, ƙwayar cutar ta kwanta har gwaji ya kasa ganin ta, kuma ba ya shafa wa matarsa. Wanda aka yanke wa kuwa, ƙwayar tana farfaɗowa, tana iya bijire wa maganin, garkuwar jiki ta rushe.

Duk da wannan sani, dubi yadda ake yi. A kama mutum, maganinsa na gida, ya yi kwanaki a hannun 'yan sanda ba wanda ya tambaye shi ko yana shan wani magani. A kai shi gidan yari, ya ja bakinsa ya yi shiru don ya san sirrinsa ba zai kwana ba. A mayar da shi wani gidan, takardunsa su tsaya a baya. Ranar asibiti ta zo, a ce babu mota, babu mai, babu gandiroban rakiya. Amma ranar da babba zai kawo ziyara, ina ake samo man?

Sai abinci. A Disamba 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa ana ciyar da fursuna da naira 750 a rana, karen hukuma kuma da naira 800. Daga baya an ƙara kuɗin zuwa naira 1,125. A wace kasuwa wannan zai ciyar da baligi sau uku, balle majinyacin da jikinsa ke neman gini?

Sai cunkoso. Tarin fuka shi ne babban makashin masu wannan cuta, kuma ba inda yake yaɗuwa kamar ɗaki mai cunkoso marar iska. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a tabbatar musu da laifi ba. Dokar 2019 ta ba jami'ai ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika. Sau nawa aka ga an yi aiki da ita? Gwamnoni ma ba su da mafaka, domin tun 2023 tsarin mulki ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali, kuma mafi yawan tsararrun laifin dokokin jiha ake tuhumar su da shi.

Jama'a, mu ma da namu kason. Da an ce fursuna ne, kuma mai ƙanjamau, sai a taɓe baki a ce shi ya jawo wa kansa. Wa ya naɗa mu alƙalai? Tun muna yara muka ji labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Ina ga ɗan Adam? Kuma mutanen nan gida za su dawo, ga matansu, ga unguwanninmu, da duk tarin da aka bari ya nuna a ƙirjinsu.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. A yi wa kowane sabon fursuna gwaji bisa yardarsa, a rufe sirrinsa. A tanadi magani a cikin gidan, takardunsa su bi shi duk inda aka kai shi, a haɗa shi da asibiti ranar da aka sallame shi. A ba mai ciki kulawar da za ta kare jaririnta. Alƙalan alƙalai su shiga gidajen su saki waɗanda aka manta. Duk fursunan da ya mutu a bincika, jami'in da sakacinsa ya jawo ya fuskanci shari'a da sunansa.

Uzuri ya ƙare. Mai riƙe da makulli shi za a tambaya, a nan duniya da kuma gobe kiyama.