Hawan Dutsen Hira Ba Ya Cikin Aikin Hajji

'Yan uwa matasa, duk shekara alhazanmu kan dawo da labarin hawan Jabalun Nur, dutsen da Kogon Hira yake bisansa, inda wahayi ya fara sauko wa Manzon Allah (SAW) a shekarar 610 Miladiyya. Shauƙin ganin wurin abin yabo ne, amma akwai gyara.

Don gudun zafin rana, da yawa kan bar masauki tun kafin assalatu, alfijir ya keto musu suna tsakiyar dutse suna haki. Shi ke nan jam'in Asuba a gaban Ka'aba ya wuce su, alhali hadisi ya tabbatar da cewa salla guda a Masallacin Harami ta fi 100,000 a waninsa. Wannan wane irin ciniki ne? Saurayin da ya shekara da shekaru yana noman shinkafa a fadamun Auyo ko Guri kafin ya haɗa kuɗin kujera, me ya kai shi wannan asara? Hawan dutsen ba rukuni ba ne, ba wajibi ba ne, a Hajji ko Umara.

Sannan mu mutanen Hadejia 'yan fadama ne, tudunmu bai wuce jigawa ba. Tsawon dutsen nan kuwa ya kai kimanin mita 640, ga shi a Hajjin 2024 mahajjata sama da 1,300 ne suka rasu, akasarinsu saboda zafi.

Wanda ya nace sai ya hau, to ya bari ya kammala aikinsa tukuna, ya sallaci Asuba cikin jam'i, ya riƙi gorar ruwa. Kada kuma ya ja tsohon da aka damƙa masa amanarsa tun daga gida.