LAUYAN DA BA YA SHIGA KOTU

Da an ambaci lauya, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne mai baƙar riga yana jayayya gaban alƙali. Amma akwai wani irin lauya wanda sai ya shekara bai taka kotu ba. Aikinsa rubutu ne, watau yarjejeniyar haɗa jari, da takardun cinikin fili, da ƙa'idojin tafiyar da kamfani. Irinsa 'yan kasuwar Suleja suka fi bukata, kuma shi suka fi ƙyalewa.

Tun da aka keɓe ƙasar sabon babban birni a 1976, ciniki ya yi ta bunƙasa a garin. Sai ka ga abokai biyu sun haɗa dukiya a Kasuwar IBB ko Madalla, ba wata shaida sai musafaha. Muddin suna raye, lafiya lau. Ran da ɗaya ya cika, sai magada su zo a raba, a rufe kanti, yaran kanti su watse.

Nan ne dokar kamfanoni ke da amfani. Tun shari'ar Salomon a Ingila, cikin 1896, aka tabbatar cewa kamfani daban yake da masu shi: yana mallaka, yana cin bashi, ba ya kuwa mutuwa don mai shi ya mutu. Hannun jari ake gada, ciniki ya ci gaba. Dokar 1990 ta kafa hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta 2020 kuma ta yarda ko mutum ɗaya ya kafa nasa. Amma fa rajistar sunan kasuwanci kurum ba ta ba da wannan kariya, ko da yake da yawa sun rataye takardarta a bango suna zaton kamfani gare su.

Rajistar ma ba ita ce ƙarshen magana ba. In mutum biyu suka raba hannun jari rabi da rabi, wa zai yanke hukunci ran da suka saɓa? In ɗaya zai fita, wa zai saya, kuma nawa? Lauyan kirki tun ana dariya yake tambayar waɗannan, ya rubuta amsa.

Haka batun fili. Bisa dokar ƙasa ta 1978, sayar da fili mai takardar mallaka ta Gwamna sai da yardarsa. Ga filin Suleja kuwa, Minna ake neman wannan yarda, kome kusancin Abuja.