Ɗan Zariya, musayar Kawhi, da yaran da muke kaiwa Maradi

A makarantarmu ta Madarunfa zoben ƙwallon kwando ɗaya gare mu, shi ma ya karkace tun wata iskar damina. Duk da haka, tun da wayoyi suka yawaita, yaranmu sun haddace ƴan wasan NBA fiye da sunayen sarakunan Katsinar Maradi. A Fabrairun 2025, da ƙungiyar Dallas ta ba Lakers Luka Dončić ta karɓi Anthony Davis, wani ɗalibina ya tare ni a bakin aji yana haki: "Mushe, Lakers sun ɗauki kofi ke nan, ko?" Na ce mu jira tukuna. Tun zagayen farko na wasannin fitar da gwani Minnesota ta sallame su.

A NBA ba a sayen ɗan wasa da kuɗi kamar a ƙwallon ƙafa. Musaya ake yi: ka ba da naka, sau da yawa ka ɗora da damarka ta zaɓen matasan da za su shigo gasar a shekaru masu zuwa. Galibi ba a ma neman yardar wanda za a musanya. Ni dai a ganina musaya na amfanar ƙungiyar da saura ƙiris ta kai. Wadda ba ta gina komai ba kuwa, gobenta kawai take jinginarwa.

Hujjata mafi ƙarfi mutumin da ya tashi a Zariya ne. An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, amma a Zariya ya girma, can ya fara ƙwallon kwando, har ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada. Shekara uku a jere, daga 2016 zuwa 2018, Cleveland ta LeBron James ce ke fitar da su. A Yulin 2018 Ujiri ya yi abin da mutanen gari da yawa suka kira butulci: ya miƙa DeMar DeRozan, wanda ya shekara tara yana yi musu wasa kuma ya fi kowa zura musu maki a tarihi, ga San Antonio, ya karɓi Kawhi Leonard. A kakar da ta gabata wasa tara kacal Leonard ya buga saboda rauni, shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa, kuma kowa ya san ba Toronto yake so ba. A Yunin 2019 suka doke Golden State da wasa 4 da 2, suka ɗauki kofinsu na farko. Wata mai zuwa Leonard ya tattara kayansa ya koma Clippers.

Masu son musaya nan suke tsayawa da labarin. Ban musa ba, ba don Leonard ba da wuya su ɗaga kofin. Har da sa'a a ciki: ƙwallon da ya jefa wa Philadelphia a daƙiƙar ƙarshe sai da ta yi tsalle huɗu a kan zobe kafin ta faɗa. Amma a dubi gidan da baƙon ya sauka. Pascal Siakam ɗan Kamaru shi ne na 27 a zaɓen 2016, wato ƙungiyoyi da dama sun wuce shi. Fred VanVleet kuwa ba wanda ya zaɓe shi sam. Toronto ta tura su ƙaramar ƙungiyarta, Raptors 905, suka yi ta shan horo a wasannin da ba kowa ke kallo ba. Siakam ne ya zura maki 32 a wasan farko da Golden State. A kakar da ta biyo bayan tafiyar Leonard, Toronto ta ci wasa 53 cikin 72.

Brooklyn ta gwada akasin haka a 2013. Ta kwaso Kevin Garnett da Paul Pierce, taurarin da shekaru suka fara cim ma, ta ba Boston damar zaɓenta na shekaru. Ba ta wuce zagaye na biyu ba. Daga waɗannan damarmaki Boston ta samu Jaylen Brown da Jayson Tatum, ta ɗauki kofi da su a 2024.

Abin da ya sa nake damun malamai da iyaye da zancen ƙwallon Amurka shi ne, duk farkon shekarar karatu ina ganin irin cinikin Brooklyn a gabana. Uba ya bar yaro shekara uku a kwalej bai taɓa buɗe littafinsa ba, bai taɓa zuwa taron iyaye ba. Da shekarar BEPC ta zo, sai ya sayar da bijimi ko buhunan gero, ya kai shi makarantar kuɗi a Maradi saboda an ce akwai wani gwanin malamin lissafi. Sau da yawa ƙanwar yaron ce ke biyan farashi, don ita ake cewa ta dakata bana. Su ma makarantun haka suke, suna kwasar fitaccen malami daga juna don ajin jarrabawa, ƙananan azuzuwa kuwa an bar su da duk wanda aka samu. Gwanin malami yana iya ɗaga yaron da ke dab da matsakaicin maki ya haye, na ga hakan da idona. Yaron da bai iya karanta tambaya da Faransanci ba, wata tara ba za su ishe shi ba ko wa ke riƙe da alli.

Makon jiya wani dattijo ya zo neman takardar sauya wa ɗansa makaranta. Na ce, "Baba, kafin a sa hannu, mu duba makinsa tare." Muka zauna ƙarƙashin dogon yaro muka bi shekara ukun ɗaya bayan ɗaya. Lissafinsa ne kaɗai ke da rauni, sauran ba laifi. Na ce masa wannan dai, in da hali, a kai shi. Sai na tambaye shi ƙanwar yaron da ke aji na farko, wa zai saya mata littattafai bana. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce zai dawo ranar Alhamis.