Me Ya Sa Bam Ɗin Ya Sauka a Hiroshima, Bai Sauka a Balin Ba?

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, sai wannan magana ta taso a majalisa. Wani matashi zai ce: "Ai don Japanawa ba fararen fata ba ne aka jefa musu, da Jamusawa ne, Amurka ba za ta yi ba." Sai kowa ya gyaɗa kai, a wuce. Ni ban gamsu da wucewar ba. Kuma yaƙin bai yi mana nisa ba, domin kakanninmu da aka ɗiba daga Gwalkwas da Nijeriya, waɗannan Japanawan suka je suka fuskanta a dazukan Bama.

Mu fara da kwanan wata. Jamus ta miƙa wuya ranar 8 ga Mayu 1945. Bam na farko kuwa ba a gwada shi ba sai ranar 16 ga Yuli, a hamadar New Mexico, bayan fiye da wata biyu. Aka jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agusta, Nagasaki ranar 9. Ranar da Balin ta faɗi, makamin yana maƙera tukuna. Wanda kuma yake zaton an tausaya wa Jamusawa, ya tuna da Hambug, inda ruwan bama-bamai ya kashe kimanin mutum 40,000 a Yulin 1943, da Diresdin, inda aka kashe kimanin 25,000 a Fabrairun 1945. Janar Leslie Groves, wanda ya shugabanci aikin ƙera bam ɗin, ya ba da labari daga baya cewa a Disambar 1944 Shugaba Roosevelt ya nuna yana so a jefa wa Jamus in ya samu.

Sai dai kwanan wata bai kashe maganar ba. Tun ranar 5 ga Mayu 1943, lokacin da Hitler yake da sauran ƙarfinsa, kwamitin soja mai kula da aikin ya zauna, ya karkata ga jiragen ruwan yaƙin Japan da ke tsibirin Truk. Hujjarsu ita ce in bam ɗin ya ƙi tashi zai nutse a ruwa mai zurfi, kuma in an tsamo shi, Japanawa ba za su karanto sirrinsa kamar yadda Jamusawa za su yi ba. Tsoron ilimin Bajamushe ke nan, haɗe da raina na Bajapane. A Satumbar 1944 kuma Roosevelt da Churchill suka sa hannu a wata takarda a Hyde Park, inda suka ce mai yiwuwa a yi amfani da shi a kan Japanawa.

Ƙiyayyar launi fa tana nan, ba a ɓoye take ba. Amurka ta kwashe kimanin mutum 120,000 masu tsatson Japan ta zuba a sansanoni, alhali mafi yawansu 'yan ƙasa ne, ba ta kuwa yi wa masu tsatson Jamus irin wannan kwasar kan mai uwa da wabi ba. Jaridunsu suna bambanta ɗan Nazi da Bajamushe na kirki, amma Bajapane sai a zana shi da siffar biri. Firayim Ministan Kanada na lokacin, Mackenzie King, ya rubuta a kundin sirrinsa cewa an yi sa'a da abin ya faɗa kan Japanawa bai faɗa kan fararen Turai ba. Ra'ayina shi ne launin fata bai tsayar da ranar ba, amma ya rage wa masu yanke hukuncin nauyin zuciya.

Abin da ya fi damuna wani ne dabam, kuma shi ne ba a cika tayarwa ba. Don me aka ƙera makamin tun farko? Don tsoron Hitler. A Balin aka gano yadda ake fasa ƙwayar zarra a ƙarshen 1938, shi ya sa Einstein ya sa hannu a wasiƙar gargaɗi ga Roosevelt a Agustan 1939. To, a Nuwambar 1944 masu binciken Amurka suka shiga Sitirasbug, suka samu takardun da suka nuna Jamus ba ta ko kusa da mallakar bam. Dalilin ya mutu, amma aikin bai tsaya ba. Masanin da aka sani ya ajiye aikin saboda haka shi ne Joseph Rotblat, ɗan asalin Folan. An riga an kashe kusan dala biliyan 2, ga kuma Tarayyar Sobiyet da ake so ta gani ta shiga taitayinta. Makami ya samu, sai aka waiga aka ga wanda ya saura a fage.

Masu kare Shugaba Truman suna da tasu hujjar, kuma adalci ne a faɗe ta. A Okinawa kaɗai Amurka ta rasa fiye da soja 12,000, kuma sojan Japan sun yi ta'asa a Sin da Koriya da Filifin wadda ba mai musunta. Amma mu da muka karanta wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa, inda ya hana kashe mace da yaro da tsoho tukuf, ba mu da ma'aunin da Hiroshima za ta tsallake, haka Diresdin, haka Tokiyo da aka ƙone a Maris 1945 aka kashe kimanin mutum 100,000 a dare ɗaya. Shi ya sa nake ƙin tambayar matashin nan idan ta fito kamar adalcin shi ne a ce Jamusawa ma sun ɗanɗana. Yaran Balin ba su fi na Nagasaki laifi ba.

A Yulin 1945 Leo Szilard, wanda ya tsara wa Einstein waccan wasiƙa, ya tara sa hannun masana 70 suna roƙon Truman kada ya jefa bam ɗin sai an bayyana wa Japan sharuɗɗan miƙa wuya ta ƙi. Takardar ta maƙale a hannun hafsoshi, ba ta isa gare shi kafin 6 ga Agusta ba. Kafin shekarar ta ƙare, kimanin mutum 140,000 sun mutu a Hiroshima, kimanin 70,000 a Nagasaki.